Me ya hana a yi husufi kowane wata?

Maman Ikram: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yarinyata ce ta dawo daga makaranta da tambayar da ta fi ƙarfina. An koya musu cewa husufin rana yana faruwa idan wata ya shiga tsakanin rana da duniya, husufin wata kuma idan duniya ce ta shiga tsakani. Sai ta ce min, "Mama, ai duk wata sai wata ya zagaya duniya sau ɗaya, to me ya hana a riƙa yin husufi sau biyu kowane wata?" Na ce ta ba ni lokaci in tambayo. Don Allah masu sani ku taimaka, amma da bayanin da zan iya maimaita wa 'yar shekara 11.

Abban Sadik: Wa alaikumus salam Hajiya. Ni a fahimtata ai ana yi duk wata, suna ne kawai ba a ba shi ba. Ba ki ga wata yana raguwa bayan daren sha huɗu har ya koma siriri ba? Inuwar duniya ce take cin sa kaɗan-kaɗan.

Malamin Kimiyya: Abban Sadik, ka yi haƙuri, nan fa ba haka ba ne, kuma ba kai kaɗai kake wannan zaton ba, duk shekara sai na gyara shi a aji. Ka tuna inda kake ganin jinjirin wata idan ya tsaya: a yamma, kusa da inda rana ta faɗi. Ita kuwa inuwar kowane abu bayansa take miƙewa, ɓangaren da ba fitila. Idan rana tana yamma, inuwar duniya gabas ta nufa. To ta yaya inuwar da ke gabas za ta rufe watan da ke yamma?

Abin da ke faruwa shi ne wata ba shi da hasken kansa. Ƙwallo ne da rana take haska rabinsa a ko da yaushe, ɗaya rabin yana duhu. Yayin da yake zagaya mu, wani dare muna fuskantar ɓangaren mai haske gaba ɗaya, wani dare gefensa kawai muke hange. Duhun da kake gani a jikin jinjirin wata darensa ne na kansa, ba inuwar kowa ba.

Abban Sadik: Malam, ban gamsu ba tukuna. A hoto ai kamanninsu ɗaya ne, wata da aka gutsure wa gefe.

Malamin Kimiyya: To ka duba shi daren bakwai ko takwas ga wata. Za ka ga rabi ne cif, an raba shi da miƙaƙƙen layi kamar da wuƙa. Inuwar abu mai zagaye ba ta taɓa yin miƙaƙƙen layi. A husufi kuwa bakin inuwar kullum a lanƙwashe yake, kuma abin cikin sa'o'i kaɗan yake farawa ya ƙare, ba makonni ba. Wannan lanƙwasar ce ma Aristotle, masanin falsafa na Girka, ya kafa hujja da ita, fiye da shekara 2,300 da suka wuce, cewa duniya mulmulalliya ce, domin ta kowace fuska aka kama inuwarta a jikin wata zagaye take fitowa.

Abban Sadik: Maganar daren bakwai ta kama ni. Na karɓa. To sai a amsa wa yarinya.

Ɗalibar Lissafi: Malam, bari in gwada, ka gyara min in na kauce.

Anti, laifin zanen littattafai ne. Suna jera rana da duniya da wata a kan takarda ɗaya, kusa da juna, kamar duk a shimfiɗe suke a faranti guda. In da haka suke, da maganar yarinyarki ta tabbata, da duk ƙarshen wata an yi husufin rana, duk tsakiyar wata an yi na wata. Amma hanyar da wata yake bi yana zagaya duniya a karkace take da kusan digiri 5 idan aka gwada ta da hanyar da duniya take bi tana zagaya rana.

Digiri 5 kamar ba komai ba ne, sai kin haɗa shi da nisa. Wata yana da nisan kusan kilomita 384,400 daga gare mu. A wannan nisan, karkatar tana iya ɗaga shi sama ko ta sauke shi ƙasa da kusan kilomita 34,000 daga layin da ya haɗa rana da duniya. Faɗin duniya gaba ɗayanta bai kai kilomita 13,000 ba. Don haka a yawancin watanni inuwar wata ta saman duniya take wucewa ko ta ƙasanta, ta tafi sarari ba ta taɓa kowa ba. Shi ma a daren sha huɗu ta saman inuwar duniya yake bi ko ta ƙasanta.

Ki gwada mata haka: ki ɗauki ƙwallon ƙafa a matsayin duniya, ƙwallon tanis a matsayin wata, ki raba su da kusan mita 7. Wannan ne ainihin gwargwadonsu. Ki kashe wuta, ki haska tocila daga nesa, ki ce ta sa inuwar ƙaramar ƙwallon ta faɗa kan babbar. Da kanta za ta ga cewa motsi kaɗan sama ko ƙasa yana sa ta kuskure.

Malamin Kimiyya: Babu abin gyara, ƙanwata, sai ƙari. Hanyoyin nan biyu kamar zobe biyu ne da aka sa ɗaya cikin ɗaya a karkace. Dole su haɗu a wuri biyu. Husufi ba ya yiwuwa sai rana, a ganinmu daga nan, tana kusa da ɗaya daga cikin mahaɗan nan biyu, sannan wata ya zo wucewa ta wajen. Hakan yana faruwa kusan duk kwana 173, kuma ƙofar tana zama a buɗe kamar kwana 34. Tun da wata yana kammala zagayensa daga ɓuya zuwa ɓuya cikin kwana 29 da rabi, ba yadda za a yi ƙofar ta rufe bai ratsa ta ba. Shi ya sa babu shekarar da ba a yin husufin rana aƙalla sau biyu a wani wuri a duniya. Idan aka haɗa na rana da na wata, mafi ƙaranci a shekara 4 ne, mafi yawa 7.

Kuma ku lura, tagwaye suke zuwa, mako biyu tsakani. A 2025 an yi husufin wata ranar 14 ga Maris, na rana ya biyo ranar 29 ga Maris. Sai aka yi shiru har 7 ga Satumba da aka sake na wata, na rana ya biyo 21 ga Satumba.

Maman Ikram: Ikon Allah. To in har sau biyu ake na rana duk shekara, me ya sa ni tunda nake na wata na fi gani? Na rana sau ɗaya na taɓa gani, shi ma gefe kawai ya ɗan gutsure.

Mai Hangen Sama: Hajiya, bambancin girman inuwa ne, da kuma inda mai kallo yake tsaye. A husufin wata, shi watan ne ya shiga duhu da gaske, don haka duk wanda dare ya same shi kuma wata yana samansa zai gani, wato rabin duniya lokaci guda. Inuwar duniya a inda wata yake ta fi faɗinsa sau biyu da rabi, shi ya sa yake daɗewa a ciki. Na 27 ga Yulin 2018 ya yi awa 1 da minti 43 a rufe ruf, shi ne mafi tsawo a wannan ƙarnin.

A husufin rana kuwa babu abin da ya sami rana, tana nan tana haskenta. Mu ne wani ƙaramin abu ya tare wa ita. Faɗin wata kilomita 3,474 ne kacal, kuma inuwarsa tsukewa take yi kamar mazurari tana tahowa, kafin ta iso ƙasa saura ɗan bakinta. Faɗin wannan baƙar inuwar ba ya wuce kilomita 270 idan ta sauka a miƙe, sau da yawa ma bai kai haka ba. Tana gudu a doron ƙasa fiye da kilomita 1,600 a awa. Wanda ke cikin wannan siririyar hanya shi ke ganin rana ta rufe gaba ɗaya, na mintuna kaɗan, iyakarsa minti 7 da rabi. Wanda ke gefe yana cikin inuwa mai sauƙi, irin wadda kika gani, rana a gutsure. Wanda ya fi nisa kuma bai ma san ana yi ba.

Ana samun cikakken husufin rana kusan duk wata 18 a wani wuri, amma yawancin duniya teku ce. Idan mutum ya zauna wuri ɗaya yana jira ya zo masa, matsakaicin lissafi kusan shekara 375 ne tsakanin ɗaya da na gaba.

Baba Dattijo: 'Ya'yana, ni Allah ya nufe ni da ganin cikakke ranar 29 ga Maris 2006, ina kan hanyar inuwar. Abin da hoto ba ya nunawa shi ne yadda hasken yake canjawa kafin a rufe. Ba irin na magariba ba ne, wani fari-fari ne mara ƙarfi, kamar an rage wa fitila. Iska ta yi sanyi, tsuntsaye suka kama hanyar sheƙa. Can sai duhu ya sauko gaba ɗaya, inda rana take ya zama baƙin rami, wani farin haske ya naɗe shi kamar rawani. Na ga Zara ƙarara da safe. Ban san lokacin da hawaye ya zo min ba. Har yau ina son in san mene ne wannan farin rawanin.

Mai Hangen Sama: Baba, ka ga abin da wasu suke ketare teku don su gani. Wannan rawanin iskar rana ce ta waje, mai tsananin zafi, fiye da digiri miliyan ɗaya. Kullum tana nan, hasken fuskar rana ne yake danne ta. Abin da ya sa muke iya ganinta shi ne wani dacewa da har yau yake ba ni mamaki: rana ta fi wata faɗi kusan sau 400, kuma ta fi shi nisa kusan sau 400. Sai suka zo daidai wa daida a idonmu, wata ya rufe fuskar ya bar rawanin.

Ba kullum yake cika ba. Hanyar wata ba cikakken zagaye ba ce, wani lokaci yana matsowa kusan kilomita 363,000, wani lokaci yana ja da baya har 405,000. Idan husufi ya same shi yana nesa, sai ya gaza rufe rana duka, a ga zoben wuta kewaye da shi, kamar na 2 ga Oktoban 2024. Kuma a hankali yana ƙara nisa da mu, kusan santimita 3.8 a shekara. An auna hakan ne da madubban da 'yan sama jannatin Apollo suka ajiye a kansa tun daga 1969, ana harba musu haske daga ƙasa ana lissafa lokacin dawowarsa.

Almajirin Ilimi: Malamai, ina da abin da ya tsaya min a rai, kuma da zuciya ɗaya nake tambaya. Na ga ana sanar da rana da minti na husufin da ba a yi ba tukuna, har na shekaru masu zuwa. Wannan bai shiga da'awar sanin gaibu ba? Kuma idan an mayar da shi lissafi kawai, ina tsoron da ya kamata mutum ya ji ya tafi?

Abban Sadik: Ni ma wannan ya taɓa damuna.

Malamin Kimiyya: Tambaya ce mai kyau, ɗan'uwa. Idan aka ce maka gobe rana za ta faɗi ƙarfe kaza da minti kaza, ba ka ɗauke shi gaibu, domin tafiyar rana a kan tsari take, an auna ta. Husufi ma haka ne, sai dai tafiya biyu ake haɗawa maimakon ɗaya. Kuma ba yau aka fara ba. Mutanen Babila tun kafin haihuwar Annabi Isa sun gano daga rubuce-rubucen da suka tara cewa husufi yana maimaita kansa bayan wata 223, wato shekara 18 da kwana 11 da awa 8. Masanin taurari Ibn Yunus a Alƙahira ya rubuta husufin 977 da na 978 da awo mai kyau har masana na baya suka yi aiki da shi. A 1715 masanin taurari Edmond Halley ya buga taswirar inda inuwa za ta ratsa Ingila kafin ranar, kuskurensa a lokaci kusan minti 4 ne.

Game da tsoro kuwa, ni sanin yadda abin yake bai rage min komai ba. Ya tabbata cewa an yi husufin rana ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu, mutane suka ce saboda rasuwarsa ne, sai Annabi ya gyara musu cewa rana da wata ayoyi ne biyu na Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Lissafin masu ilimin taurari ya nuna husufin da aka iya gani a Madina ranar 27 ga Janairun 632. Ka ga abin da aka kore shi ne camfi, ba tsari ba. Hukuncin sallar kuma na bar wa malamanta.

Almajirin Ilimi: Na gode Malam. Misalin faɗuwar rana ya warware min. Amma wannan awa 8 da ka ambata, me take yi a lissafin?

Ɗalibar Lissafi: Yaya, ita ce mafi daɗin wajen. A cikin awa 8 duniya tana juya kashi ɗaya cikin uku na juyinta. Don haka husufin yana dawowa da kamanninsa, amma ya sauka can yamma da inda ya sauka a baya, da kusan sulusin zagayen duniya. Ka ɗauki wanda Baba ya gani: 29 ga Maris 2006, ya taso daga Brazil, ya ratsa Afirka ta Yamma da Libiya ya shiga Turkiyya. Ƙara masa shekara 18 da kwanakin nan, za ka faɗa 8 ga Afrilun 2024. A ranar kuwa aka yi cikakken husufin da ya ratsa Meziko da Amurka da Kanada, wanda ya kai minti 4 da daƙiƙa 28. Dangi ɗaya ne. In ka ƙirga ka ga kwana 10 maimakon 11, yawan shekaru masu 29 ga Fabrairu da suka faɗo a tsakani ne ya jawo.

Baba Dattijo: Wato wanda na gani shi ne ya koma ya sauka a Amurka. Allah mai iko. 'Yata, Allah ya ƙara basira.

Ɗan Walda: Ni dai abin da zan ce kan ido ne, domin sana'ata ta koya min. Kada wanda ya kalli husufin rana da ido tsirara, ko da saura ɗan siririn gefe. Bayan ido, inda hoto yake sauka, ba ya jin zafi, yana ƙonewa mutum bai sani ba, sai bayan sa'o'i ya ga wani tabo a tsakiyar ganinsa, wani kuma ba ya warkewa. Baƙin tabarau na kwalliya ba ya karewa, ko ka jera biyar. Gilashinmu na walda ma ba kowanne ba, mai lamba 14 ake so, kuma wanda muke aiki da shi yau da kullum yawanci bai kai nan ba.

Abban Sadik: To kallonsa a cikin ruwa a kwano fa? Ai ba rana kake kallo kai tsaye ba.

Ɗan Walda: Yallaɓai, ruwa madubi ne, hasken yake dawo maka da shi. Ya rage, amma bai rage yadda zai zama lafiya ba. Haka gilashin da aka shafa wa hayaƙi da tsohon fim na hoton ƙashi, duk a bar su. Mafi haɗari kuma shi ne leƙawa ta madubin hangen nesa ba tare da matatarsa ta musamman a gaba ba, wannan tattara hasken yake yi wuri ɗaya.

Malamin Kimiyya: Gaskiya ya faɗa. Tabarau na husufi na gaske yana ɗauke da lambar ISO 12312-2. Wanda bai samu ba, ya huda ƙaramin rami a kwali, ya juya wa rana baya, ya bar haske ya bi ta ramin ya sauka kan farar takarda, zai ga surar rana a gutsure. Ƙarƙashin bishiya mai ganye ma haka ake gani, ɗaruruwan jinjirin rana a ƙasa. Ibnul Haisam, masanin ilimin haske da gani wanda ya rasu wajen 1040, ya rubuta maƙala sukutum a kan wannan surar da husufi yake yi idan haske ya bi ta ƙaramar kafa. Lokacin da kawai ake cire tabarau shi ne mintunan da rana ta rufe ruf, ga wanda ke tsakiyar hanyar inuwa, kuma da ɗigon haske ya ɓullo a mayar. Husufin wata kuwa a kalle shi yadda ake so, ba ya cutar da ido.

Wanda ke da hali ya sa ido kan cikakken husufin rana na 2 ga Agustan 2027. Inuwar za ta bi ta kudancin Sifen, Maroko, Aljeriya, Tunisiya, Libiya, Masar, Saudiyya, Yaman da Somaliya. Kusa da birnin Luxor na Masar zai kai minti 6 da daƙiƙa 23, kuma Makka da Jidda suna kan hanyar.

Maman Ikram: Na dawo da rahoto. Mun yi gwajin ƙwallo da tocila jiya da dare, ta sha wahala kafin ta dace da inuwar, da ta dace kuwa sai tsalle. Yanzu ta gane. Amma ta ƙaro biyu. Ta ce in duniya ta tare hasken rana gaba ɗaya, me ya sa wata yake yin ja maimakon ya ɓace? Kuma wanda yake tsaye a kan wata a lokacin, me zai gani?

Mai Hangen Sama: Hajiya, ki gaishe min da ita, tambayoyin nan biyu amsarsu ɗaya ce. Duniya tana lulluɓe da iska. Hasken rana da ya gogi gefen duniya yana ratsa wannan iskar, sai ta lanƙwasa shi ya faɗa cikin inuwar. A hanya iska tana watsar da shuɗin da ke cikin hasken, jan ne yake tsira ya wuce, dalilin da ya sa gari yake ja da fitowar rana da kuma faɗuwarta ke nan. Wannan jan ne yake sauka a kan wata. Yawan ƙura a sama yana canja launin: bayan dutsen Pinatubo na Filifin ya yi aman wuta a 1991, husufin Disambar 1992 ya yi duhu sosai har wata ya kusa ɓacewa.

Wanda ke kan wata kuwa, shi husufin rana yake gani, duniya ce ta tare masa ita. Zai ga duniya baƙa, ta fi yadda muke ganin wata faɗi kusan sau huɗu, da siririn zobe ja kewaye da ita. Zoben nan duk fitowar rana da faɗuwarta ne da ake yi a gefen duniya a wannan lokacin. Akwai hotonsa ma: kumbon Blue Ghost da ya sauka a kan wata ya ɗauko shi a husufin 14 ga Maris 2025, ki nemo ki nuna mata.